Baƙuwa a Ɗakin Wankin Ƙoda

Drenak, farkon Yuli

Zuwa ga Bistra,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, kuma tsohon Italiyan da kike jinya bai gama cinye miki ƙuruciya ba. Nan kowa lafiya in ban da ni. Yova maƙwabciya tana gaishe ki. Akuyata Sivka ma ƙalau take, har ta fi mai ita kyan gani.

Na san Yova ta riga ta buga miki waya ta ba ki labari da nata gishirin, to ga shi daga bakina. Takarda na zaɓa, don a waya katse ni kike yi, kunnena na hagu kuma ya yi ritaya. Ke kaɗai kika rage mini a dangin marigayi mijina Stoyu. Shi da kakanki 'ya'yan wa da ƙani ne. Wasu za su ce zumuncin ya yi nisa, amma su ba su ga yadda kike ƙarar mini da tumatir a lambu duk hutun makaranta ba.

A ƙarshen tsinkar wardi abin ya faru. Gwiwa ta matsa mini, sai na riƙa haɗiyar ƙwayar ciwo safe da rana don in iya bin layi. Ga zafi, ga gudawa ta kama ni, ni kuwa na ƙi zama, don in ban tsinka ba furen zubewa zai yi. Sai fitsari ya ɗauke ɗif. Na faɗi a gona da buhu ɗaure a ƙugu, na farka a asibitin Plovdiv da roba a ƙasan wuyana.

Ki riƙe abin da likitan can ya faɗa mini, don ni na riƙe shi da hannu biyu. Ya ce ƙodata ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi. Tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi. Kafin nan inji zai riƙa wanke mini jini. Sun sallame ni, yanzu Litinin da Laraba da Juma'a motar asibiti take zuwa ta kwashe ni zuwa ɗakin wanki na Karlovo. A auna ki a sikeli, a zaunar da ke, a jona ki, ki yi rabin yini kina kallon jininki yana zagaye a roba.

Kujerar da ke kusa da tawa ta wani Tanyo ce, tsohon direban jirgin ƙasa, ya fi shekara goma a wurin. Yana da wata 'yar kwalba da ba ya rabuwa da ita, ruwan da aka yarje masa na yini guda ke nan, a murfi yake zuba shi yana lasa. Ranar farko ko gaisuwa bai yi ba ya ce, "Ke ce sabuwar? Ina lokum ɗinmu?"

Na ce, "Lokum na me?"

Ya ce, "Na kujera mana. Duk wanda aka ba kujera a ɗakin nan kwali guda na alewar nan yake kawowa a raba, ya zama ɗan gida."

Na ce, "To ni ba 'yar gida ba ce. Baƙuwa ce, aron kujerar aka ba ni."

Ya kwashe da dariya har injinsa ya yi ƙara. "Jama'a kun ji ta! Baiwar Allah, kowa a nan baƙo ya shigo. Ni ranar da na zo ce wa matata na yi kada ta sauke tukunya, yanzu zan dawo."

Ban kai lokum ba, kuma ba zan kai ba.

Kin tuna ranar da za ki tafi Italiya na zuba miki ruwa a bakin ƙofa daga tukunyar jan ƙarfe, kika taka kika wuce, don hanya ta yi miki santsi? Ni ranar da aka ɗauke ni ba wanda ya zuba mini, Yova ta ruɗe tana ta ihu. Ina jin shi ya sa na maƙale a hanya.

Taki,
Gwaggo Donka


Ferrara, tsakiyar Yuli

Gwaggo Donka,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da jiki. Ni lafiya, sai zafi da sauro. Tsohona Ottavio yana nan yana cin taliya yana zagin gwamnati. Ki gaishe mini da Inna Yova.

A tsaye na karanta takardarki a kicin. Na yi kuka, da na gama kukan kuma haushi ya kama ni. Ƙwayar gwiwa a kan gudawa, Gwaggo, cikin wannan ranar? Amma ya wuce.

Ki saurare ni ko sau ɗaya. Kafin Ottavio wata tsohuwa na yi wa jinya, shekaru ina tura ta a keke zuwa irin wannan ɗakin. Na san su ciki da waje. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu jiran ranar fita. Kullum idonsu a ƙofa, ba su shirya komai ba, har jikin ya ƙare. "Tana iya farfaɗowa" magana ce da likitoci suke faɗa wa kowa don zuciya ta kwanta. Ba na son ki jingina ranki a kanta.

Robar wuyan nan ba abin zama da ita ba ce, hanya ce ta ƙwayar cuta kai tsaye zuwa jini, ke kuma kina shiga garken akuya da ita. In sun ce za su yi miki tiyatar hannu, su haɗa jijiyoyi don wurin allura na dindindin, ki yarda. Ɗakina na Karlovo a kulle yake ba kowa, da ƙafa ma za ki iya zuwa wanki daga can. Makullin yana wurin Inna Yova. Da sanyi ya shigo hanyar Drenak rufewa take yi da ƙanƙara, kin fi ni sani, wace mota ce za ta hau ta ɗauko ki? Ki ba da Sivka ga wanda zai kula da ita, ki koma gari tun da sauran ƙarfinki.

Kuma don Allah ki sayi lokum ɗin nan. Mutanen da za ki zauna da su ne, ba ki da wasu.

'Yarki,
Bistra


Drenak, farkon Agusta

Bistra,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, da ke da tsohonki da sauronki. Ni da sauƙi ƙwarai, ko da yake na ga ba labarin da kike jira ke nan ba.

Takardarki na sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana rawa. Wato har kin raba mini gado ina raye: akuya ga wani, ni ga bene na huɗu in zauna ina kallon wankin maƙwabta. Gidan da aka kawo ni amarya, inda Stoyu ya dasa inabin da kike hawa kina sata, in kulle shi saboda wata tsohuwar Italiya ta mutu a keke? Ita ƙodarta ce ta mutu. Tawa barci take yi, kuma ni na san yadda ake tashin mai barci.

Ga labari. Fitsari ya fara zuwa. Ba yawa, kamar rabin kofin gahawa, amma na tsaya ina kallonsa kamar an haifa mini jika. Ban gaya wa kowa a ɗakin wanki ba, don kada Tanyo ya yi masa baki. Su ma ba su tambaya ba. Ita likitar wurin, Kaneva, yarinya ce mai kirki amma kullum a guje take, har ta fara yi mini maganar tiyatar hannun nan taki. Na ce mata hannuna na tatsar akuya ne.

Yanzu na samo abin da zai ƙarasa aikin. Tun kakanninmu wa ya taɓa yin ciwon ƙoda a ƙasar nan bai sha ruwan Hisarya ba? Da shi Stoyu ya fitar da tsakuwa, kin tuna. Mijin Yova yana zuwa can kowane mako, sai na ba shi damajanar Stoyu, ƙatuwar kwalbar nan mai rigar kwando da yake zuba giyar inabi, yana ciko mini ita daga idon ruwan. Ina sha safe, ina sha yamma, ina bi da kankana. Su a can cewa suke kada a sha ruwa, amma wannan dokar matattun ƙoda ce irin ta Tanyo.

Ki zo ki ga yadda na murmure. Kumatuna sun ciko, ramar asibiti ta tafi, sikeli kullum gaba yake yi. Zoben aurena da yake zamewa yanzu ko juyawa ba ya yi. Jiri dai yana ɗibata a kan injin, sau biyu har sai da suka ɗaga mini ƙafafu sama, amma wannan surutun Tanyo ne yake jawo shi. Jiya ya ƙura wa idon sawuna ido ya ce, "Baƙuwa, me kike sha a gida?" Na ce, "Abin da ya fi ƙarfin murfin kwalbarka."

Makullinki yana wurin Yova, can zai tsufa.

Donka


Bakin teku, tsakiyar Agusta

Gwaggo, a gurguje. 'Ya'yan Ottavio sun kawo mu hutu, takardarki a ƙofa na karɓe ta muna fita, a mota na karanta tsoho yana amai a gefena. Na ji daɗi ƙwarai da kika murmure! Kumatu sun ciko, Allah na gode maka. Ki ci, ki sha, ki ƙara, kada ki ji maganar kowa. Maganar tebur kuma na yafe miki. Zan rubuta sosai in mun koma.

Bistra


Ferrara, ƙarshen Agusta

Gwaggo Donka,

Gaisuwa, amma ba ni da natsuwar tambayar lafiyar kowa. Mun dawo, na zauna na sake karanta takardarki a tsanake, sai na gane abin da yake faruwa. Zoben da ba ya juyawa ba ƙiba ba ce. Kumburi ne, Gwaggo. Ruwa ne yake taruwa a jikinki, ƙodar ba ta iya fitar da shi. Ni da na san wannan tun ba yau ba, ni ce na rubuto miki ki sha ki ƙara.

Ki daina shan ruwan nan yanzu-yanzu. Ki gaya wa likita komai. Na buga wayar gidanki har na gaji ba a ɗauka, na buga ta Inna Yova ita ma shiru. Ina kike? Ki sa wani ya kira ni ko da ba za ki yi mini magana ba, ki zage ni ma na yarda.

Bistra


Drenak, tsakiyar Satumba

Bistra,

Gaisuwa. Ina raye, kada ki yi saurin ɗinka baƙin kaya. Katinki na bakin teku da takardar kukanki tare na same su a ƙarƙashin ƙofa da na dawo daga asibiti, na karanta su a jere, na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Abin da kika ji tsoro shi ya faru. Wata Lahadi da hantsi ina tatsar Sivka numfashi ya ƙi shiga, kamar an ɗora mini buhun gari a ƙirji. Ruwan ya hau huhu. Aka sake kwasata zuwa Plovdiv, suka janye shi. Kuma kin san wa ya tona ni? Tanyo. Tun ranar Juma'a ya kira Likita Kaneva ya ce mata, "Tsohuwar nan ruwan Hisarya take ɗurawa, ko ba haka ba a yanke mini gashin baki." Ta tambaye ni na musa. Munafukin tsoho, na faɗa masa a gaban kowa, ya ce ya ji, ya gode.

Da na koma ɗakin wanki Kaneva ta ja kujera ta zauna a gabana, karo na farko da na gan ta a zaune. Ta wanke ni tas. Ta ce duk ruwan da na zo da shi dole inji ya zuƙe shi cikin 'yan awanni, in ya zuƙa da yawa jinina ya faɗi, in ya faɗi ƙodar ba ta samun rabonta. Jirin nan da nake ɗora wa Tanyo, ashe ƙodata ce ake shaƙewa tana ƙoƙarin tashi. Da na ce ai fitsari ya daɗe da farawa, sai ta ce, "Gwaggo, me ya hana ki gaya mini?" Na ce, "'Yar nan, ke me ya hana ki tambaya?" Muka kalli juna, ba wadda ta ci riba.

Ita ce ta fara sauka. Ta ce ɗakin an tsara shi ne don waɗanda ƙodarsu ta tafi, jini ma wata-wata suke dubawa, ni kuwa ba irinsu ba ce, ya kamata a riƙa leƙa tawa. Muka yi ciniki. Ni in sha abin da ta auna mini, ba ƙwayar gwiwa, ba gishiri. Ita kuma ta sa a duba jinina kowane mako kafin a jona ni, a sassauta zuƙar injin. Sannan in tara duk fitsarin da na yi daga safiyar Lahadi zuwa safiyar Litinin in kawo a auna. Tiyatar hannu an ɗaga ta zuwa ranar Waliyyi Dimitar, ƙarshen Oktoba. In har lokacin ƙoda ba ta nuna alama ba, na miƙa hannu ba gardama, in koma benenki. Na yarda, kuma ke ce shaida.

Sun ba ni wata jarkar roba, na ce su riƙe abarsu. Damajanar da ta kusa kashe ni ita za ta biya. Ranar Litinin na shiga motar asibiti rungume da ita, direba yana roƙona in riƙe murfin da kyau. Tanyo yana ganina ya ɗaga murya: "Ku kawo kofuna, Donka ta kawo ta bana! Ya inabin ya yi?" Na ce, "Ya fi naka, kai da kurangarka ta bushe tun zamanin jirgin gawayi." Ɗakin ya ɗauki dariya, shi ma ya yi, amma daga baya na ji ba daɗi.

Yanzu sauran ke. Na dawo na tarar an rufe mini tagogi da katako, garke wayam. Yova tana murza gefen zane ta ce ke kika samu ɗanta a waya kika ce a kai Sivka wurin wani ɗan'uwansu a ƙauyen ƙasa, wai ba zan dawo gidan ba. Na sa mijinta ya kai ni a amalanke, na zauna a ƙofar mutumin na ce ba inda za ni. Kafin la'asar ya ɗaure mini ita da kansa. Bistra, ina ƙaunarki, amma kada ki ƙara rufe mini taga ina numfashi.

Donka


Ferrara, ƙarshen Satumba

Gwaggo Donka,

Gaisuwa da sannu da jiki. Na gode Allah da na ga rubutunki, ko da rabinsa faɗa ne. Ottavio ya tambaye ni me ya sa nake dariya ina share hawaye, na ce masa wata akuya ce ta koma gida.

Katin bakin teku kuskurena ne, kunyarsa ba za ta bar ni ba. Amma a kan tagogi ba zan ba ki haƙuri ba. Kwanaki ina buga waya ba amsa, da aka ɗauka aka ce kina Plovdiv da abin numfashi a fuska. Me kike so in yi daga nan? Lokacin Mama ma "da sauƙi, da sauƙi" aka riƙa ce mini har aka sa ta a ƙasa ina wanke wa wani kwanuka. Tun daga ranar ba na yarda da sauƙi. Tsoro nake ji, Gwaggo. In kika tafi ba ni da sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa a ƙasar nan a ce mini shigo.

Cinikinku da likita na karɓe shi, ni ce shaida kamar yadda kika ce. Zuwa ranar Waliyyi Dimitar bakina a rufe. Amma in ranar ta zo damajana ba ta ce komai ba, ni da kaina zan zo in ɗauke ki, ki yi ta zagi a mota.

Shi kuma Tanyo ki daina ce masa munafuki. Da bai yi magana ba, da likitar ba ta san abin da za ta gaya wa na Plovdiv ba ranar da aka kai ki. Kina zagin mutumin da ya fi ni karanta ƙafafunki.

'Yarki,
Bistra


Drenak, tsakiyar Oktoba

Bistra tawa,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya. An gama yankan inabi, Yova ce ta yanke mini nawa, rabi ya tafi cikinta. Gwiwa tana nan tana cizona, da ganyen kabeji nake naɗe ta.

Damajana ta fara magana. Makon farko gindinta kawai aka rufe, yanzu direba ne yake sauko mini da ita yana mita. Dattin da suke aunawa a jini yana ta sauka, sai Kaneva ta cire mini Laraba, daga baya ta cire Juma'a. Na fara jin kaina a sama. Sai makon jiya abin ya sake hawa, ba dalili, ban sha komai ba, na rantse miki. Kaneva ta ce yakan yi haka, a sake dubawa. In ya sauka za ta gwada ni ba inji gaba ɗaya, jini kawai za a riƙa ɗiba. In ya ci gaba da hawa, kin san sauran.

Zan rubuta abu ɗaya, kada ki maimaita mini shi. Ina jin tsoro. Ranar Waliyyi Dimitar ta matso, jiya na tsaya ina kallon hannuna na hagu ina tunanin inda za su yanka. Na je coci na kunna kyandir, na gaya wa Waliyyin ban zo roƙo ba, tuni na zo yi masa.

Tanyo ya daina tsokanata. Tun da aka rage mini kwanaki, in na shigo sai ya juya fuska bango ya ce barci yake ji. Na fi son zaginsa da wannan shirun. Nas ta gaya mini matar da ya ce kada ta sauke tukunya ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai yake zaune. Na so in ce masa wani abu, ban samu ba, sai na ce masa gashin bakinsa ya karkace.

Donka


Drenak, farkon Nuwamba

Zuwa ga Bistra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma kina zaune, don ba na son ki karanta wannan a tsaye a kicin. Sivka tana gaishe ki duk da abin da kika yi mata.

Ya sauka. Aka gwada ni ba inji, ranar Waliyyi Dimitar ta zo ta wuce ina gida ina yanka kabeji, hannuna ba wanda ya taɓa shi. Shekaranjiya suka zare robar wuyan. Kada ki yi guɗa da yawa: Kaneva ta ce ƙodar ba ta dawo duka ba, kamar rabi ce take aiki, zan riƙa zuwa ana duba jini, ƙwayar gwiwa kuwa ni da ita har abada. Ta ce wata rana ina iya komawa kujerar. Na ce wata rana ba yau ba ce. Ita ma sai da ta rungume ni, yarinyar nan ashe ƙashi ce zalla.

Jiya da safe na je ɗakin wanki da kwalin lokum na wardi, babba. Na ce, "Ga shi, amma ku sani ba na kujera ba ne, na sallama ne." Kowa ya ɗauka, ana ta sa mini albarka, wasu da gaske, wasu bakin kawai, ban kuma ga laifinsu ba. A kujerata har an zaunar da wani saurayi mai gyaran lantarki, ya ce mini shi na ɗan lokaci ne. Na ce ya gaya wa likita duk ɗigon da ya yi, kuma kada ya kusanci Hisarya.

Na zo kan Tanyo, yana kallon bango. Na ajiye masa lokum a cinya na ce, "Munafuki, na gode." Ya ci gaba da kallon bangonsa. Na juya na nufi ƙofa raina a jagule.

Sai na ji ya ce, "Ke baƙuwa, tsaya. Haka ake tafiya a ƙauyenku?"

Na dawo. Hannunsa ɗaya yana ɗaure da allurai, sai ya ɗauki 'yar kwalbar nan da ɗayan, ya buɗe murfin da haƙori. Na ɗauka lasa zai yi. Ya miƙa hannu ya tuntsurar da ita a ƙasa a gaban takalmana, duka, har ya girgiza ta don ɗigon ƙarshe ya fita. Nas ta yi ihu wai wani zai zame. Ya ce mata, "Ki goge daga baya." Ni kuma ya ce, "Taka ki wuce, tsohuwa. Kada ki waiwayo. In na sake ganinki a ɗakin nan, kwali biyu za ki kawo."

Bistra, ko hantsi bai yi ba, kuma ruwansa ke nan na yinin gaba ɗaya, ba wanda zai ƙara masa sai gobe. Na san ƙishin nan, na ɗanɗana shi. Na taka na wuce ban waiwaya ba, sai a mota na yi kukana, direba ya yi kamar bai gani ba.

Makullinki na karɓo daga Yova, yana cikin ambulan ɗin nan. Ki riƙe abinki. In kin samu hutu ki zo, tagogi a buɗe suke.

Taki,
Gwaggo Donka, daga gidanta